Itacen Hunturu a Hanyar Gwanja: Daga Kasuwar Salaga Zuwa Gonakin Kpandai

Gabatarwa

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa watan Fabrairu, busasshiyar iska mai ƙura takan taso daga Sahara, ta ratsa ƙasar Hausa, ta gangara har gaɓar teku. Bahaushe yana kiran wannan lokaci hunturu, sanyin da ke zuwa da shi kuwa ɗari, domin ya bambanta shi da sanyin damina mai laima. A arewacin Ghana ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 20 da asuba, wani lokaci ma ya kusanci 15. Mutumin Turai zai ce wannan ai ba sanyi ba ne. Amma ga wanda jikinsa ya saba da zafin bazara, yake kuma kwana a kan tabarma da mayafi guda, ɗari ne mai fasa dunduniya, mai hana tsoho fita sallar asuba. Maganinsa tun kaka da kakanni shi ne wuta, wuta kuwa sai da itace.

Wannan takarda ta dubi tarihin neman itacen wuta da adana shi a garuruwa huɗu na arewacin Ghana, wato Salaga da Kpandai da Yandi da Bawku. Kowannensu yana da zango, unguwar baƙi Musulmi inda Hausa ce harshen kasuwa da masallaci. Abin lura shi ne Bahaushen da ya zauna a waɗannan garuruwa baƙo ne, ba shi da daji, ba shi da iko da bishiya. Tun farkon zuwansa sayen itace yake yi. Saboda haka duk wanda ya bi sawun itacen da ke ci a murhun zango, zai tarar da labarin waɗanda suka ɗauko shi a ka, da na waɗanda suke da ƙasar da aka saro shi.

Kafin a yi nisa, yana da kyau ɗalibi ya riƙe wasu kalmomi. Abin da Bakano ke kira itace, shi Basakkwace ke kira icce, kuma kalmar tana nufin bishiya tana kuma nufin abin da aka saro daga jikinta. Babban guntun da ba a tsaga ba gungume ne. Idan aka sa gatari aka tsaga shi ya zama faskare. Ƙananan rassan da yara ke tsintowa don tada wuta su ne ƙirare. Ana ɗaure itace dami-dami, a ɗora a ka bisa gammo. In ya ci ya yi ja ya zama garwashi, in aka kashe shi kafin ya cinye ya zama gawayi, in aka bar shi kuwa sai toka.

Salaga a zamanin ayari

Hausawa suna kiran ƙasar Gonja da sunan Gwanja, kuma a bakin fatake, zuwa Gwanja yana nufin zuwa sayen goro. Goron kansa ba a Gwanja yake fitowa ba, daga kurmin Ashanti yake, wato ƙasar mutanen da Hausawan da ke kira Tonawa. Bayan da Ashanti suka rinjayi Gwanja a tsakiyar ƙarni na 18, sai Salaga ta zama kasuwar da mutanen kudu ke kawo goro su haɗu da mutanen arewa. Cinikin ya ƙara bunƙasa bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, domin Musulunci ya hana giya amma bai hana goro ba. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, ya ƙetare Kwara, ya bi ta Bargu da Sansanin Mango, ya sauka Yandi, sannan ya isa Salaga, tafiyar watanni. A 1826 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gamu da wani ayarin da ya taso daga Gwanja a garin Kayama, mutanensa sun kai kimanin 1,000.

Abin da ya haɗa wannan da batun itace shi ne lokaci. Ayari ba ya tafiya da damina, saboda koguna sun cika, hanya ta yi taɓo, jakai ba sa iya wucewa. Sai ruwa ya ɗauke ake kama hanya. Ke nan lokacin da Salaga ke cika maƙil da baƙi shi ne daidai lokacin da ɗari ke kankama. Dubban mutane ne, kowa yana son tuwo da dare, yana son ruwan ɗumi na alwala, yana son wutar da zai kwana kusa da ita, ga masu tsire da masu koko da maƙera. Gari irin wannan ba ya daɗewa sai ya cinye dajin da ke kewaye da shi, kowace shekara kuma masu neman itace su ƙara nisa.

Matafiyan Turai da suka ga Salaga a ƙarshen ƙarni na 19, cikinsu har da Bafaranshe Louis-Gustave Binger wanda ya sauka garin a 1888, sun lura da cewa ruwa da itace kayan sayarwa ne a can, da wuri ake biyansu kamar yadda ake biyan kanwa da gishiri. Ga mutumin ƙauye na wancan zamani wannan abin mamaki ne, domin a garinsu ba wanda zai ce a biya shi kuɗin ƙirare. Masu ɗauko itacen kuwa yawancinsu bayi ne. Salaga babbar kasuwar bayi ce, har yau akwai wurin da ake kira Wankan Bayi, inda ake cewa a nan ake yi musu wanka kafin a kai su kasuwa. Bawan da ba a sayar ba ba ya zaman banza: ubangidansa zai tura shi daji ya yo itace ko ya jawo ruwa a rijiya, a sayar, kuɗin ya shiga aljihun mai shi. Idan aka karanta labarin arzikin fataken goro, ya kamata a tuna cewa wutar da suka ji ɗumi da ita a masauki wani ne ya ɗauko ta a ka, ba kuma da son ransa ba.

Baƙon da ya sauka Salaga yana sauka ne a hannun maigida, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Ikon ƙasa kuwa yana Kpembe, ɗan ƙaramin gari kusa da Salaga inda sarkin Gwanja na yankin, Kpembewura, yake zaune. Wannan tsari, wato kasuwa a hannun baƙi, ƙasa a hannun 'yan gida, shi ne aka ci gaba da gani a kusan kowane zango.

Akwai kuma buƙatu biyu da Hausawa suka zo da su daga gida, waɗanda ke cin itace fiye da girki. Ta farko wutar karatu. A makarantar allo ta da, almajirai ne ke zuwa daji su yo itace, a hura babbar wuta a tsakar fili, su kewaye ta da dare da kuma asuba suna karatu da haskenta. Wuta ɗaya, aiki biyu: fitila ce, bargo ce. Salaga kuwa gari ne na malamai. Ta biyu ita ce wankan jego. Mai jego takan yi kwana arba'in tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, a wasu gidaje ma har ta kwanta a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Magidancin da matarsa ta kusa haihuwa yakan fara tara gumagumai tun cikin yana wata bakwai ko takwas, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Haihuwar da ta faɗo cikin hunturu kuwa, nauyinta biyu ne.

Watsewar kasuwa

Salaga ta fara rauni tun 1874, lokacin da sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, Gwanja ta yi wa Ashanti tawaye, goro ya soma bin wasu hanyoyi kamar Kintampo, daga baya kuma ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Abin da ya ƙarasa ta shi ne yaƙin basasar 1892 tsakanin gidajen sarautar Kpembe. Fatake da malamai suka watse, da yawa suka gangara Kete-Krachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a can a 1934. A 1899 Ingila da Jamus suka raba yankin, suka ɗauki kogin Daka a matsayin iyaka: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yandi da Kpandai suka faɗa Togo ta Jamus. Ingila ta karɓe su a yaƙin 1914, kuma bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1956 suka shiga Ghana da ta sami 'yanci a 1957.

Da cinikin bayi ya mutu, damin itace bai sauka ƙasa ba, kai kawai ya sauya. Ya koma kan matan ƙauyukan da ke kewaye da zango da 'ya'yansu mata, kuma a nan yake har yanzu.

Kpandai: itace daga gonar doya

Kpandai tana tsakanin koguna biyu, Daka a yamma da Oti a gabas. Ta fi Yandi da Bawku samun ruwan sama, ciyawarta ta fi tsawo, itatuwanta sun fi yawa. Mutanen Nawuri da Nchumuru tsofaffin mazauna yankin ne, akwai Gwanjawa, sannan tun daga shekarun 1920 manoman Konkomba suka riƙa gangarowa daga arewa suna neman sabuwar ƙasa. Su ne suka mai da yankin ɗaya daga cikin manyan wuraren noman doya a Ghana. Kpandai ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2008, bayan an cire ta daga Gwanja ta Gabas.

Doya tana son abu biyu da suke neman saɓa wa juna: tana son rana, tana kuma son abin da za ta hau. Manomin yankin ya samo dabarar haɗa su. Idan ya buɗe sabuwar gona ba ya sare itatuwan ciki duka. Yakan tara ciyawa a gindin bishiya ya sa wuta, ɓawon ya ƙone, ganye ya zube, bishiyar ta mutu a tsaye. Rana ta sami hanya, doya ta sami abin naɗewa. Bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da aka haƙe doya aka shuka rogo ko masara a wurin, waɗannan itatuwa sun bushe ƙayau ba tare da sun taɓa ƙasa ba, gara ba ta ci su ba, laima ba ta ruɓar da su ba. Babu itacen wuta da ya fi wannan. Don haka a Kpandai rumbun itace na farko gonar ce da kanta, kuma matan gidan mai gonar ne ke da haƙƙin ɗiba. Macen da ke dawowa daga gona da yamma da wuya a gan ta ba dami a ka.

Ba kowane itace ake ɗauka ba. Marke yana da nauyi, yana ci a hankali, yana barin garwashi mai kwana, shi ya sa ya fi dacewa da daren hunturu. Ƙirya ta fi shi tauri, tana dakushe gatari, gawayinta kuwa shi maƙera ke nema. Baushe da taramniya na girkin yau da kullum ne. Kuka duk girmanta ba ta da amfani a murhu, cikinta kamar soso yake. Kaɗanya da ɗorawa suna ci da kyau, amma al'ada ta hana sare su da rai, saboda daga ɗaya ake samun man kaɗe, daga ɗayar kuma daddawa. Sai dai reshen da ya bushe ya faɗo da kansa.

Wani abin da baƙo ba ya saurin ganewa shi ne, hunturu lokacin ƙona itace ne, amma kuma shi ne lokacin tara shi. An gama girbi, hannu ya sami sarari. An ƙone daji, doguwar ciyawa ta tafi, ana ganin hanya, ana ganin maciji kafin a taka shi. Iska kuma tana busar da duk abin da aka sara cikin 'yan kwanaki. Saboda haka tarin itacen da ake gani a bayan gidaje a watan Janairu, kaɗan ne daga cikinsa na jin ɗumi. Yawancinsa tanadin damina ne, lokacin da daji ya jiƙe, mata kuma suna gona daga safe har la'asar. Mace mai tsari takan ware gumagumai masu kauri don ɗari, domin gungume guda yana iya kai mutum asuba, ta jera faskare daban don watannin ruwa.

Abokan gaban tarin itace uku ne: gara, ruwa da gobara. Saboda gara ba a ajiye shi a kan ƙasa kai tsaye, sai a jera duwatsu ko a kafa sanduna masu baki biyu a gitta wasu a kai, wasu ma a tsakanin rassan bishiya suke saƙala nasu. Saboda ruwa akan jingina shi a tsaye ko a rufa masa ciyawa, yanzu kuma tsohon kwano ko leda. Saboda gobara akan nisanta shi da jinka, a kuma share ciyawar da ke kewaye da gida kafin iska ta ƙarfafa. A wurare da yawa girman tarin itacen mace shaida ne a kanta, maƙwabta na dubawa su san ko mai himma ce.

Mutumin zango ba ya cikin wannan tsari sai ta hanyar kuɗi. Mai koko da ƙosai, mai wake da shinkafa (abin da duk Ghana ke kira waakye, daga kalmar wake), mai tuwon zafi, mahauci mai tsire, dukkansu abokan cinikin matan ƙauye ne. Kuma da yake itacen yana fitowa ne daga gona, duk rikicin da ya taɓa ƙasa yakan taɓa murhu. Yankin ya ga faɗan Nawuri da Gwanja a 1991 da 1992, ya kuma ga babban yaƙin 1994 tsakanin Konkomba da maƙwabtansu, tushensu duka tambaya ɗaya ce: ƙasar ta wace ce? A irin wannan lokaci ba macen da za ta shiga daji, ba kuma wadda za ta kawo dami kasuwa.

Yandi da Bawku

A Yandi, fadar Ya Na sarkin Dagwamba, doka a kan bishiya ta fi fitowa fili. A ƙasar Dagwamba 'ya'yan ɗorawa haƙƙin sarauta ne, ko da bishiyar a gonar talaka take, don haka sare ta taɓa sarki ne. 

Bawku kuwa wata duniya ce. Tana can kusurwar arewa maso gabas, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, ruwanta kaɗan ne, jama'arta kuma a cushe. Kusasi da maƙwabtansu suna zaune ne gida-gida a warwatse, kowane gida da gonarsa a kewaye, ana noma ta kowace shekara ba hutu. Babu saurar da za a je a yo itace. A nan abin hura wuta shi ne kara. Bayan an yanke gero da dawa, sai a tattara karan a ɗaure, a jingina shi a bishiya ko a ɗora kan rumfa, a riƙa zara kaɗan-kaɗan. Inda ya yi ƙaranci har busasshen kashin shanu ake haɗawa. Duk wanda ya san ƙauyukan Kano da Katsina ya san wannan hali. Kara yana kamawa nan da nan, ya yi harshe, ya mutu nan da nan, ba ya barin garwashi. Ke nan a Bawku jin ɗumi na ɗan lokaci ne, da asuba da kuma bayan magariba, yara su kewaye wuta suna miƙa hannu, wani yana ta turawa. Asarar kuma biyu ce, domin karan da aka ƙona da kashin da aka ƙona, taki ne aka hana gona.

Bishiyar da ta rage wa mutanen arewa wannan wahala baƙuwa ce. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, daga Indiya take, an kuma yaɗa ta a arewacin ƙasar a zamanin Gwamna Gordon Guggisberg (1919 zuwa 1927). Daga nan ne aka kai irinta Barno a 1928. Tana jure fari, awaki ba su cika damunta ba, kuma in aka sare ta sai ta sake tohowa daga kututture. Ba ta da tsohuwar al'adar da ta hana taɓa ta, saboda haka ta zama itacen kowa.

Daga dami zuwa buhu

Gwamnati ta daɗe tana sa hannu a batun daji. An yi dokar gandun daji a 1927. Bayan fari da gobarar daji ta 1983, wadda ta cinye gonaki da yawa a faɗin Ghana, gwamnatin Rawlings ta kafa dokar hana ƙona daji a shekarar, ta sake ƙarfafa ta a 1990. Amma mafarauci da makiyayi da manomi kowa yana da dalilinsa na sa wuta, kuma daji bai daina ci ba kowane hunturu.

Babban sauyin ya zo ne daga birni. Mutanen Tamale da Kumasi da Akara da ke zaune a ɗakin haya ba su da wurin tara faskare, gawayi suke so. Gawayi ba shi da nauyi, yana shiga buhu, yana jure doguwar tafiya a mota. Sai dai kafin a sami buhu guda an ƙona itacen da ya ninka shi nauyi sau da yawa, kuma mai yin gawayi ba ya jiran bishiya ta mutu, ɗanya yake sarewa, ya jera, ya rufe da ciyawa da ƙasa, ya bar ta tana ci a hankali kwana da kwanaki. Itacen da ya fi ba da gawayi mai kyau kuwa shi ne mai tauri: marke, ƙirya, da kuma kaɗanya. A nan ne al'ada ta fara sassautawa, har a gida ɗaya a sami mai son kuɗin buhu yau da mai son 'ya'yan kaɗe baɗi. Madobiya ita ma ta shiga uku daga wajen 2010, lokacin da kasuwar katako ta ƙasar Sin ta buɗe mata baki, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2016, Ghana kuma ta sake hana sare ta da fitar da ita a 2019.

An yi ƙoƙarin raba mutane da itace ta hanyar iskar gas, musamman shirin da aka ƙaddamar a 2013 na raba tukwanen gas a karkara. Gas yana dafa abinci, amma in ya ƙare sai an je gari mai nisa da kuɗi a hannu, kuma ba wanda ke kewaye tukunyar gas don jin ɗumi.

Shi kansa ɗakin kwana ya sauya. Ɗakin da na ƙasa ne mai jinka, yana riƙe ɗumin rana, hayaƙi kuma yana fita ta cikin ciyawa, yana ma korar ƙwari daga rufin. Ɗakin bulo mai kwano yana zafi da rana, ya huce da dare, ga ƙofa da taga masu rufuwa ruf. Wanda ya shigar da kaskon gawayi irin wannan ɗaki ya kulle, yana shaƙar wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa barci mai nauyi, wani ba ya farkawa. Shi ya sa masu hankali kan bar garwashi ya gama kamawa a waje kafin su shigar da shi, su bar taga a ɗan buɗe, su kuma fitar da kaskon kafin barci ya ɗauke su.